Giwan Ruwa Ba Ya Duba Wata

Azumin bana ya zo mana cikin zafi, irin zafin Legas na kafin ruwa ya sauka, wanda kana zaune ba ka yi aikin komai ba riga ta manne maka a baya. Ɗakinmu na Agege fanka ce kawai a rataye, wuta sai ta ga dama. Da la'asar nakan fito in zauna a benci a ƙofar gida, leɓe ya bushe, gwiwa tana zugi, ina jiran ladan. Shekara talatin da wani abu ina ɗaukar kwandon mutane a kai a kasuwar Mile 12, yanzu wuya ya ce ya gaji, sai dai in tsaya in nuna wa masu ƙarfi inda za su sauke. A zaunen nan ne wata rana na ce a raina, rabon da in yi azumi a irin wannan zafi tun ina gidanmu. Shi ke nan sai tabki ya faɗo mini a rai.

Ni mutumin bakin ruwa ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Yauri, a gefen babban tabkin da madatsa ta haifar. Babana masunci ne, ubansa ma haka. Shekara uku na yi ina shiga jirgi da shi kafin in taho Legas ina saurayi, kuma duk ukun a bazara azumi ya same mu.

Bazarar can ba wasa ba ce. Ruwa yakan ja baya kullum kullum, ya bar laka baƙa tana tsagewa, har sai ka yi tafiya mai nisa daga gida kafin ka taka ruwa. Iska in ta buso kamar daga bakin murhu ta fito. Rumbu ya yi ƙasa. Inna takan auna gero da tafin hannu, ta dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, shi ne buɗa-baki, sai ɗan tuwo da miyar kuka da ƙananan kifi. Ba wanda ya mutu da yunwa, amma ba wanda ya ƙoshi. Baba ba ya nisa a cikin azumi. Da hantsi mu zauna a inuwar mangwaro bayan gida, shi yana ɗinkin koma, ni ina ɗaura ƙugiyoyi a doguwar igiya, ƙanin Baba yana toshe ramukan jirgi da tsumma da kwalta. Ba mai magana sosai, miyau ma ana tattalinsa. In na ce, "Baba, yaushe za mu fita?" sai ya ce, "Bari salla ta wuce."

Salla na wucewa da mako guda mu fita. Akwai wani wuri a tsakiyar tabki inda tsohon gari yake kafin ruwa ya cinye shi. In ruwa ya ja sosai, kututturan giginyar garin sukan fito tsaye, baƙaƙe, ba kai ba ganye. Nan ƙananan kifi suke taruwa, nan kuma giwan ruwa yake zuwa farauta. Wanda bai taɓa ganinsa ba, ba zai gane ba. Fari ne sol kamar sabon kwano, idonsa ja, bakinsa in ya buɗe kan mutum zai shiga. Na ga wanda maza biyu suka rataya a sanda suka ɗauka a kafaɗa, jelarsa tana share ƙasa. Ranar mata su hura wutar banda, ƙauye duka ya ɗauki ƙamshi, wanda ya yi wata guda yana shan kunu ya ci kifi har ya kasa tashi salla da sauri.

Abin da na taho da shi Legas ke nan a kaina: salla, mako guda, giwan ruwa.

A Agege muna da majalisa wajen wani mai shayi kusa da layin dogo. Kowa yana ba da labarin garinsu, ni ma ina ba da nawa. Shekara goma sha biyu ina ba da shi. Mai yawan katse ni Ilya ne, wani Bakano mai sayar da tumatir, wanda ni nake ɗaukar masa kaya. Mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya hutawa.

"Sa'idu, jiya ka ce kan mutum zai shiga bakinsa. Yau kan wa zai shiga? Na raƙumi?"

Shi ya sa mini suna Mai Giwa. Da farko ina dariya. Sai sunan ya bi ni har kasuwa. In na ce wa mai kaya na kai kwandonsa mota kaza, sai ya ce, "Da gaske, ko irin kifin nan naka ne?" Ɗan dako ba shi da shago, ba shi da takarda. Abin da yake da shi kawai a ba shi kaya ya ɓace cikin mutane, a yarda zai kai. Ranar da wata mata ta ƙi ba ni kwandonta, ta ce an gaya mata ni ne mai ƙaryar nan, ranar ban ci abinci da daɗi ba.

Da yamma na je majalisa na ce wa Ilya, "Salla na wucewa da mako guda ka shirya. Zan kai ka ka gani da idonka."

"In ban gani ba fa?"

"Ka kira ni abin da ka ga dama har in mutu."

Bala ya ce shi ma za shi. Bala direban danfo ne, motar hayar nan ta Legas, Bahaushe haihuwar Agege, Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsa, kuma bai taɓa wuce Ilori ba. Ya ce shi ne shaida.

A lokacin ba waya. Na sami wani direba da yake kawo albasa daga wajenmu, na ba shi saƙo: a gaya wa Baba ina tafe da baƙi biyu bayan ƙaramar salla, a shirya jirgi, giwan ruwa za mu kama. Azumin shekarar ya zo da sauƙi, rana ba ta da kaifi, ƙishirwa ba ta damun kowa. Har ina cewa Allah ya yi mana rangwame. Kowane yaro ya san azumi yana zagayawa, bana zafi, wasu shekaru sanyi. Ni ma na sani. Amma ban taɓa ɗaukar wannan sanin na ajiye shi kusa da kifi ba. A Legas ba wanda yake duba ruwa, salla muke dubawa da motocin tumatir. Zuwan da na yi gida a tsakani kuwa na gaisuwar mutuwa ne da ɗaurin aure, kwana biyu in juyo, ko bakin tabki ban taka ba.

Muka hau bayan motar albasa da ta sauke kaya. Kwana biyu muna hanya, muna warin albasa, sanyi yana ƙaruwa. Bala ya naɗe kansa da buhu yana zagin wanda ya ce masa Arewa zafi ne da ita. Ilya kuwa mita yake yi, wai ya bar kasuwa tumatir yana kan ganiyarsa.

Muna shiga ƙauye da hantsi na hangi ruwa. Ruwan yana gindin mangwaron bayan gidanmu. Inda muke doguwar tafiya a kan busasshiyar laka, jirage ne a ɗaure. Ciyawa kore shar tsaye a cikin ruwa iya ganinka. Na duba tsakiyar tabki ina neman kututturan giginya, ko ɗaya babu.

Baba ya tarbe mu da murna. Aka shimfiɗa tabarma, Inna ta aiko da fura, aka gaisa aka sake gaisawa. Sai da baƙi suka shiga wanka ya ce, "Zo ka ga wani abu." Muka zagaya bayan gida. Ya tsaya yana kallon ruwa, ni ina kallon ƙasa.

"Saƙonka ya iso," ya ce. "Na sa direban ya maimaita sau biyu. Na ce ko wani Sa'idun ne."

"Baba, kai kake cewa bari salla ta wuce."

"Na faɗa. Don muna azumi cikin zafi, ba mai ƙarfin jan kifi. Ka zaci giwan ruwa shi ma yana fita duban wata?"

Ya nuna ruwan da hannu.

"Wannan baƙin ruwa ne, wanda yake zuwa mana daga ƙasashen yamma bayan namu na damina ya wuce. Yanzu ma ya soma. Kifi duk ya watse cikin ciyawa, babban kuma ya sauka ƙasa inda igiyata ba ta kai wa. Ɗan masunci, jikan masunci." Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya dafa mangwaro. Ni ba dariya a bakina. Na gaya masa abin da ya kawo mu, har da matar da ta hana ni kwando. Ya daina dariyar.

"To, baƙi sun zo. Abin da ruwa ya bayar shi za su ci."

Kwana biyar muka yi, kuma in faɗi gaskiya, ban da abin da yake cina a rai, ban taɓa jin daɗin kwanaki kamar su ba. Ana idar da asuba mu fita, tururi yana tashi a kan ruwa, yatsu sun ƙage a jikin filafili. Baba ya kafa gura a cikin ciyawa, wato kejin kama kifi na sanduna da raga, ya zuba dusa a ciki. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya muna ɗagawa. Tarwaɗa, ƙarfasa, sai kurungu mai ƙaya da yake gurnani in an taɓa shi. Bala ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe gefe biyu, in jirgi ya ɗan karkata sai ya yi salati ya ƙarasa da Yarabanci.

"Baba, abeg a hankali. Ni a titi na iya tuƙi."

"Ɗana, ai nan ba ɗan sanda," in ji Baba. "Saki jikinka."

Rana ta uku Bala ne da kansa yake ɗaga gura, wando a naɗe, yana yi wa tarwaɗa kiran fasinja, Oshodi, Oshodi. In mun dawo Inna da matan gida sun hura wuta, a fasa kifi a wanke, wani a banda, wani a tukunya. Lokacin kaka ta wuce ba da daɗewa ba, sabuwar shinkafa ce a gida. Tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, man ja yana yawo a kai, mu ci a rana don sanyi. Ilya yakan ci malmala uku ya ce a gaya wa Inna zai saki tumatir ya dawo nan da zama.

Amma bakinsa bai huta ba. Duk kurungun da aka ciro sai ya ɗaga shi da yatsa biyu ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, giwa. Ina maza biyu su zo da sanda?"

Ranar da za mu tafi muna zaune a ƙofar gida muna jiran mota, Baba ya ce, "Malam Ilya, ɗana bai yi maka ƙarya ba. Wauta ya yi. Kifin yana nan ƙasan ruwan da ka hau."

Ilya ya sunkuyar da kai don ladabi, amma sai da ya faɗa. "Baba, ai kai uba ne. Ko cewa ya yi kifin yana da ƙaho, ba za ka tona shi gaban baƙi ba."

Na zaci Baba zai ji haushi. Sai ya gyaɗa kai. "Gaskiyarka. To kada ka ɗauki maganata. Zan aiko direban albasa. Ranar da ya ce muku giginya ta fito, ku taso. Kada ku tambaye ni wane wata, ban sani ba."

Wata biyar na sha a Legas. Kurungun nan ba wanda bai ji labarinsa ba daga Agege har Mile 12. Bala ya yi ƙoƙari, yana cewa tsohon bai yi kama da mai ƙarya ba, amma Bala daɗin tuwo ya fi ba da labari. Na rage zuwa majalisa. A kasuwa na koma ɗaukar kayan Yarabawa da ba su san zancen ba. Duk motar albasa da ta shigo sai na je na leƙa fuskar direba.

Ruwan Legas ya riga ya sauka, kasuwa ta zama taɓo, tumatir ya yi ƙaranci, sai ga direban albasar nan. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Tsohonka ya ce giginya ta fito." Na tafi rumfar Ilya da kwando a kai na gaya masa. Ya dubi rumfar, ba kaya, ya ce, "Mu je. Ko ba komai akwai tuwon Inna." Bala bai samu zuwa ba, mai motarsa ya hana.

Wannan karon tabkin da na sani na tarar. Zafi, baƙar laka a tsage, warin ruwa da ya ja, hadari yana haɗuwa a gabas da yamma ya watse bai zubar ba. Rumbu ya yi ƙasa, tuwon shinkafa babu, sai na dawa. Ilya ya dubi kwanon ya dube ni.

"Wancan zuwan akwai tuwo ba giwa. In wannan ma ba giwa, Sa'idu, a nan zan bar ka."

Baba ya ce da rana ba a fita, kifin yana ƙasa yana gudun zafi, sai sanyin safiya ko in rana ta karkata. Ya kama ƙananan ƙarfasa masu rai ya zuba a ƙwarya. Muka tuƙa har tsohon gari, ga kututturan nan tsaye sun fi mutum tsawo, tsuntsaye a kansu. Ya soka babbar ƙugiya a bayan ƙarfasa yadda ba za ta mutu ba, ya sake ta tana iyo a gindin kututture, ya ɗaura gora a igiyar. Ranar farko ba komai. Ta biyu wani abu ya cinye ƙarfasar ya bar ƙugiya. Ilya ya fara waƙa ƙasa-ƙasa da sunana a ciki.

Rana ta uku da safe Baba ya miƙa masa igiyar ya ce, "Riƙe mini in sha ruwa." Har yau ina zargin da gangan ya yi, don na ga yana kallon yadda ƙananan kifi suke tsalle a wajen. Ilya yana riƙe da igiya yana ba ni labarin wani dillali, sai gorar ta nutse gaba ɗaya. Igiya ta zube daga hannunsa da gudu har ta ƙona masa tafi. Jirgi ya juya da kansa ya fara tafiya.

"Baba, wani abu ya kama mu."

"Kai ka kama shi. Kada ka naɗa a hannu. In ya ja ka ba shi, in ya tsaya ka karɓa."

"Sa'idu, zo ka karɓi abinka."

"Ni filafili nake riƙe da shi," na ce.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, rana dai ta hau sosai. Sau ɗaya kifin ya fito sama, ya buɗe baki ya girgiza kai, ruwa ya watsu, ya koma. Ilya ya daina magana. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba. Hularsa ta faɗa ruwa bai ko waiwaya ba. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, Baba ya zura igiya ta bakinsa, muka ja shi a ruwa har gaɓa don jirgin ba zai ɗauke mu da shi ba. Ni da Ilya muka rataya shi a sanda. Shi yana gaba a cikin laka, yana cewa a tsaya ya huta.

A ƙauyenmu kan babban kifi na gidan Sarkin Ruwa ne, ba a tambaya. Ilya ya roƙa a bar masa ya kai Legas, Baba ya ce ko shi bai isa ba. Aka kai kan. Sauran aka yanka gunduwa-gunduwa, aka rarraba wa maƙwabta, aka banda namu. Yau ƙanena yana can, in ya kama ko ƙarfasa ce sai hotonta ya shigo wayata kafin ta daina motsi, kuma ya ce irin wancan babban sai a shekara ba a gani ba. Baba ya daɗe da rasuwa. A lokacin ba mu da hoto, abin da muka dawo da shi Agege buhun banda ne da baki.

Washegarin dawowarmu majalisa ta cika. Ilya ya zazzage bandar a faranti, kowa ya ɗauka. Ya miƙe tsaye, ya nuna tafinsa da igiya ta ƙona, ya fara. Ya ce jirgi ya yi gudu kamar danfon Bala. Ya ce da kifin ya buɗe baki ya hango har cikin cikinsa. Ya ware hannuwa iya warewa, ya ga ba su isa ba, ya ce wa mai shayi ya matsa da tebur.

Wani tsoho mai sayar da goro ya juya gunduwar da take hannunsa ya ce, "Ilya, wannan ai ko babbar tarwaɗa aka yanka haka za ta yi. Ina kan?"

"An kai gidan Sarkin Ruwa."

Majalisa ta fashe da dariya. Wani ya ce ashe ciwon ƙaryar ɗaukarsa ake yi. Wani ya ce a raba su da Sa'idu kafin ya shafa wa kowa. Ilya ya rantse, ya sake rantsewa, gumi yana zuba. Sai ya juyo wajena.

"Sa'idu, kana zaune kana jin su. Gaya musu tsawonsa."

Na kurɓi shayina, na dubi hannuwansa da suke a ware har yanzu.

"Malam Ilya, ka ji tsoron Allah," na ce. "Bai kai haka ba."

Tsohon mai goro ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kun ji mai gaskiya."